Gyaran Ƙasan Ɗaki Kafin A Liƙa Tayil Na Roba

Yau zancenmu na ƙasan ɗaki ne.

Wadda ta tashi a ƙauye ta san daɓe. A gayyato mata, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta kwanta sumul, sa'an nan a bi ta da ruwan makuba. To, yanzu siminti ya karɓe wannan aiki, ga kuma tayil na roba da ake liƙawa da gam. Sai muka sakar wa maza kome, mu namu zaɓen launi kurum. A ganina mun yi sake.

In an kawo tayil ɗin, ki ɗauki guda ki duba. Galibi inci 12 ne kowane gefe, kaurinsa kuwa milimita 2 ko 3. Lanƙwasuwa yake yi, don haka duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya tona. Ƙwayar tsakuwa ɗaya in aka rufe ta, bayan 'yan makonni za ta taso kamar ƙurji, ƙafa tana bi tana goga, har wurin ya huje. In rami ne, ƙafar gado ta danna, tayil ya tsage.

Na ga haka a ɗakin 'yar ƙanwata. Ana gaggawar jere, mai aiki ya zo da hantsi, ya yi shara sama-sama, ya shafa gam, kafin la'asar ya karɓi kuɗinsa. Ranar buɗar kai kowa yana yabo. Damina tana sauka gefunan tayil suka ɗaɗɗago, ɗaki ya kama warin danshi. Dangin miji suka ce amarya ce ƙazama, ba ta iya goge ruwa ba. Yarinya ta sha kuka, alhali laifin yana can ƙarƙashi. Sai da aka fitar da gado da kwanuka tsakar gida, aka sake sayen wani.

Danshi shi ne babban abokin gaba. Siminti yana tsotso ruwa daga ƙasa ko da samansa ya yi fari fat, gam kuwa ba ya shiri da lema. Gwada shi ba wuya. Ki yanko leda mai kauri, kamar inci 18 kowane gefe, ki shimfiɗa, ki liƙe bakunanta duka da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ki yi haka wuri biyu ko uku, musamman gindin bango da kusa da banɗaki. Bayan kwana ɗaya ki ɗaga. In kin ga raɓa a cikin ledar, ko simintin ya yi duhu, kada a liƙa kome. Sabon siminti ne? A ba shi lokaci, magina suna lissafa kamar wata guda ga kowane inci na kaurinsa. In kuwa tsoho ne, kuma yana fitar da farin gari kamar kanwa, ruwan daga ƙasa yake tasowa, sai an kira magini ya yi maganinsa tukuna. Gwajin damina ya fi faɗin gaskiya, don da rani kowane ɗaki mai kirki ne.

Daga nan sai a duba tudu da kwari. Ki sa maigida ya samo miƙaƙƙen katako mai tsawon ƙafa 6, a riƙa ɗora shi a ƙasa ana jan sa. Inda aka ga ɓula a ƙarƙashinsa wadda ta wuce milimita 3, a zagaye da alli. Da dare kuma ki ajiye tocila a kwance a ƙasa, ki ga yadda kowane ɗan tudu zai yi inuwa. Tudu a goge shi da dutse, ana yayyafa ruwa, domin ƙurar siminti tana cutar huhu. Rami da tsaga a kwashe musu ɓarɓashi, a jiƙa su, a cike da kwaɓin siminti awo 1, yashi mai laushi awo 3. In ƙasan duk ya yi kaushi, ciko ba zai yi ba. Akwai wani garin siminti na musamman a shagunan kayan gini, ana kwaɓa shi ruwa-ruwa a kwarara, ya baje da kansa. Yana da tsada, amma bai kai sayen tayil sau biyu ba. Kome aka cike, sai ya bushe, a sake gwajin leda.

Ki lura da maiƙo kuma. Inda manja ko kananzir ya taɓa zuba, gam ba zai kama ba. Ki ɗiga ruwa, in ya tsaya dunƙule bai shige ba, a wanke da ruwan zafi da garin sabulu, fenti kuma a kankare.

Ranar aiki a share, a bi da tsumma mai ɗan danshi, a bari ya sha iska. Tayil ɗin ma a shigar da shi ɗakin kwana biyu kafin nan, a jibge a kwance. Ki shafa tafin hannunki a ƙasa. In ya ɗebo ƙura, ki ce da mai aiki, "Malam, yi haƙuri, a ƙara shara tukuna."