Faifan Da Ya Ƙi Tsufa

A cikin watan Maris na shekarar 1973 ne wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ingila mai suna Pink Floyd ta fitar da faifan garmaho wanda ta laƙaba wa suna The Dark Side of the Moon, wato ɓangaren wata mai duhu. Galibin faya-fayen da suka fito tare da shi tuni aka manta da su, amma shi har gobe ana saye ana saurare. An ƙiyasta cewa an sayar da fiye da miliyan 45 a duniya. A Amurka, mako ɗaya tak ya yi a kan gaba cikin jerin faya-fayen da suka fi kasuwa, amma ya shafe fiye da mako 700 a cikin jerin tsakanin 1973 da 1988. Shin mene ne asirin wannan daɗewa?

Da farko dai, faifan yana cikin wani reshe na kiɗan rok wanda masu yin sa ba su gamsu da gajeruwar waƙar soyayya ta minti uku ba. Makaɗan nan huɗu, wato Roger Waters, David Gilmour, Richard Wright da Nick Mason, sun ɗinke waƙoƙi goma wuri guda, wannan na shiga cikin waccan, har tsawon minti 43. Da bugun zuciya ake farawa, da shi kuma ake rufewa, tamkar rayuwar ɗan Adam daga haihuwa zuwa kushewa. Tun farkon 1972 suka riƙa kaɗa shi a gaban jama'a suna gyarawa, kafin su ɗauke shi a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke birnin London.

Sai dai babban asirin yana cikin abin da waƙoƙin ke magana a kai. Waters, wanda ya tsara baitocin duka, ya zaɓi abubuwan da ke nuƙurƙusar zuciyar kowane mutum: gudun lokaci, kwaɗayin dukiya, yaƙi, tsoron mutuwa da taɓin hankali. Waƙar Time, wato lokaci, tana buɗewa da ƙarar agoguna barkatai, waɗanda injiniyan sauti Alan Parsons ya ɗauko a shagon tsofaffin kayayyaki. Gargaɗi ce ga saurayin da ke jiran rayuwa ta fara, bai ankara ba ƙuruciya ta wuce. Ɗalibi kan ji ta a matsayin faɗakarwa, ma'aikacin da ya kusa ajiye aiki kuwa ya ji ta a matsayin labarin kansa. Shi ya sa uba kan bar wa ɗansa faifan, ɗan kuma ya tarar da shi sabo.

Waƙar Money, wato kuɗi, an gina ta ne bisa ƙarar silalla da ta injin lissafin kanti, tana kuma tafiya da bugu bakwai-bakwai maimakon huɗu-huɗu da kunne ya saba. Zambo ce ga masu bautar dukiya. Abin mamaki, ita ce ta buɗe wa ƙungiyar kasuwar Amurka, faifan kuma ya mai da mawaƙan attajirai.

Batun taɓin hankali kuwa ba daga littafi suka ɗauko shi ba. Jagoransu na farko, Syd Barrett, ya bar ƙungiyar a 1968 bayan hankalinsa ya gushe, lamarin da mutane da dama ke dangantawa da shan miyagun ƙwayoyi. Ya koma garinsu Cambridge, inda ya rayu a keɓe har rasuwarsa a 2006. Wanda ya ga abu da idonsa, ba ya faɗinsa kamar mai jin labari.

Akwai kuma Clare Torry, wadda aka gayyato ta rera The Great Gig in the Sky, waƙar da ta shafi mutuwa. Ba a ba ta baiti ko ɗaya ba, sai ta saki murya kurum, tana hawa tana sauka kamar mai kuka. Fam 30 aka biya ta. A 2004 ta kai ƙara, aka sasanta a 2005, tun daga nan ake rubuta sunanta tare da na Wright a matsayin masu waƙar. Ashe haƙƙi ba ya tsufa.

A 2013 babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka faifan cikin sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu, a 2023 kuma aka yi bikin cikarsa shekara 50. Su makaɗan dai kansu ya daɗe da rabuwa. Waters ya fice a 1985, Wright ya rasu a 2008, tsakanin Waters da Gilmour kuwa an sha musayar zafafan kalamai.

A wannan zamani na wayar hannu, inda ake tsallake waƙa tun ba ta yi nisa ba, faifan yana neman abu guda ne ga mai sauraro: ya zauna, ya natsu, ya ji shi daga farko har ƙarshe. Matasan da aka haifa shekaru da yawa bayan fitowarsa suna cikin masu yin hakan.