Yadda Ake Shirya Karen Farauta Kafin Fitar Rani

Farauta da karnuka a ƙasar Hausa sana'ar rani ce. Idan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, daji ya buɗe, mafarauta kan fita ƙungiya-ƙungiya tun daga hunturu har zuwa faɗuwar ruwan sama. Kare ne ke bin sawu, ya tayar da zomo ko gada daga maɓoya, ya tono burgu a rami, ya kuma yi tseren da mutum ba zai iya ba. Sai dai karen da ya shafe damina yana kwance a gida ba ya fita da ƙarfin da ya shiga da shi. Tsokarsa ta saki, numfashinsa ya gajarta, tafin ƙafarsa ya yi laushi. Maido masa da ƙarfi kan ɗauki mako 6 zuwa 8, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Duba lafiya

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa karen lafiyayye ne. Damina lokaci ne na kaska da ƙuma da tsutsar ciki. Kaska tana tsotse jini, tana kuma sa wa kare cututtukan da ke lalata ƙwayoyin jininsa. Ana gane ƙarancin jini ta hanyar ɗaga leɓe a dubi dasashi: na lafiyayyen kare jaja-jaja ne, na mai ƙarancin jini kuwa fari fat. Irin wannan kare magani yake buƙata kafin horo, domin jini ne ke kai iska ga tsoka a lokacin gudu. Likitan dabbobi ne ya kamata ya ba da maganin tsutsa da na kaska gwargwadon nauyin karen.

Allurar rigakafin ciwon haukan kare ta fi kome muhimmanci, saboda karen farauta yana cuɗanya da karnuka masu yawa da namun daji irin su dila. Ana fara ta tun kare yana da wata 3, a riƙa sabunta ta kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana cikin masu samar da ita a Najeriya. Cutar tana kama mutum ta hanyar cizo, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tsira.

Shekaru ma abin lura ne. Ƙasusuwan kwikwiyo ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara 1 zuwa wata 18, don haka doguwar kora kan lahanta masa gaɓoɓi. Karya mai ciki, wadda ke ɗaukar kimanin kwana 63 kafin ta haihu, da mai shayarwa, gida ya dace da su.

Abinci da ruwa

Karnuka da yawa suna rayuwa a kan ragowar tuwo da ƙanzo da kunu. Wannan yana cika ciki, amma ba ya gina tsoka. Kare mai aikin ƙarfi yana buƙatar nama, kayan ciki, kifi ko ƙwai, da kuma kitse, domin a doguwar tafiya jikin kare daga kitse yake samun mafi yawan kuzarinsa. Ana ƙara waɗannan a hankali cikin mako guda, don sauyin abinci farat ɗaya yana kawo zawo. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji, albasa da tafarnuwa kuma suna lalata jinin kare, saboda haka miyar da ta ji su ba abincinsa ba ce.

Hannu ne ma'aunin ƙiba. Idan an shafa gefen kare, ya kamata a ji haƙarƙarinsa ba tare da an danna ba, a kuma ga ƙugunsa ya tsuke. Idan kitse ya rufe haƙarƙarin, nauyi ya yi yawa; idan ƙasusuwan baya da na ƙugu sun fito fili, rama ce. Ba a cika wa kare ciki gab da gudu. Babban abincinsa da yamma ne, bayan ya huta. Kare mai nauyin kilo 20 yana shan fiye da lita 1 ta ruwa a yini ko da yana hutawa, ranar aiki kuwa buƙatarsa ta ninka.

Horon jiki

Horo yana tafiya ne daki-daki. A mako biyun farko ana fita da kare da igiya, tafiyar minti 20 zuwa 30, da sassafe ko da la'asar sakaliya. A mako na 3 da na 4 a tsawaita tafiyar zuwa awa guda, a haɗa da sassarfa, mai shi yana tafe ko yana kan keke a hankali. Daga mako na 5 sai a sake shi a fili ya yi gajeren tsere, ya huta, ya sake, kamar yadda kora take a daji. Kwana 1 ko 2 na hutu a kowane mako wajibi ne, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. Ɗingishi ko ƙin cin abinci alama ce ta cewa an yi gaggawa, sai a rage.

Wurin horo ya dace ya yi kama da dajin da za a shiga: rairayi, tsakuwa, fako da tudu. Taka irin wannan ƙasa ne ke sa tafin ƙafa ya yi kauri. Bayan kowace fita ana duba tsakanin yatsu a cire ƙarangiya da tsidau da sauran ƙaya. Kwalta mai zafi tana ƙona ƙafa. A cikin waɗannan makonni ne kuma ake sabunta wa kare amsa kira da fito, a saba masa da sauran karnukan ƙungiya don rage faɗa.

Haɗarin zafi

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, kuma idan ya haura 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. Watannin Maris da Afrilu sun fi tsanani. Alamun cewa zafi ya yi wa kare yawa sun haɗa da haki marar tsayawa, yawu mai kauri, tangaɗi da amai. Da an ga haka, a kai shi inuwa, a jiƙa masa ciki da ƙafafu da wuya da ruwa mai sanyi, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan, sannan a nemi likita. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, suna lalata ƙoda da cikin kare, ba a ba shi su don ya jure gajiya.

Karen da ya shirya shi ne wanda zai yi tafiyar awa 2 a daji, numfashinsa ya daidaita bayan ɗan hutu, ya kuma tashi washegari ba ɗingishi. Wanda bai kai wannan matsayi ba, a ci gaba da horar da shi a gida ko da an fara fita, domin rauni ɗaya a makon farko yana iya hana shi farautar shekarar baki ɗaya.