Ƙera ƙananan jiragen ruwa masu filafilai da hannu: Abin da ya kamata ku sani

Duk wanda harka ta taɓa kai shi Apapa ya ga jiragen ruwa, ko da daga kan gada ne: manya-manya, maƙare da kwantena, wasu a tsohuwar tashar da aka gina wa matsayar manyan jirage tun shekarun 1920, wasu a Tin Can da aka buɗe a 1977. Dukkansu inji ne ke tura su. Kafin zuwan inji kuwa, iska ce ke wannan aiki, kuma a jiragen iska Turawan Fotugal suka fara isowa gaɓar Legas a ƙarni na 15. Irin waɗannan tsofaffin jirage ne wasu mutane ke zama su ƙera ƙanana, daidai ɗorawa a kan tebur, don sha'awa kawai. Mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Ijora na iya shiga wannan harka da kayan da ke kusa da shi.

Mene ne wannan aiki?

Jirgin iska shi ne wanda ake kafa wa dogayen sanduna a tsaye, waɗanda ake kira jigo, a ɗaura musu manyan ƙyallaye, wato filafilai, iska ta cika su ta tura jirgin. Mai wannan sha'awa yakan zaɓi wani jirgi na gaske, ya samo zanensa, ya rage girmansa da lissafi, sannan ya ƙera shi da katako da zare da ƙyalle.

Hanya biyu ce. Akwai kamfanoni a Turai da Asiya da ke sayar da kwali, an riga an yanka kowane gutsure, naka harhaɗawa kawai. Akwai kuma ƙira daga tushe, inda ba a yanko maka komai ba: kai za ka nemo katako, ka auna, ka yanka, ka goge. Ta biyun muke magana a kai. Idan kun taɓa yin motar kara kuna yara, kuna fere ɓawon karan dawa kuna soka shi a totuwa, to kun riga kun ɗanɗana abin. Bambancin shi ne a nan ba a yarda da kintace.

Aikin ya daɗe a duniya. A 1920 an tono ƙananan jiragen katako a kabarin wani babban ma'aikacin fada mai suna Meketre kusa da Luxor a Masar, shekarunsu kusan 4,000. A Ingila, tun ƙarni na 17 hukumar sojan ruwa ke da ƙananan samfura na jiragen yaƙinta. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon kuwa, fursunonin Faransa da ke tsare a Ingila sun riƙa ƙera jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa.

Me ake nufi da sikeli?

Wannan ne zuciyar aikin, don haka mu ɗan tsaya a kai. Sikeli shi ne adadin da aka rage girman jirgin da shi. In kun ga an rubuta 1:100, ma'anarsa santimita 1 a ƙaramin jirgi na wakiltar santimita 100 a babban. Ɗauki Cutty Sark, jirgin dakon ganyen shayi da aka ƙera a 1869, wanda yanzu ke ajiye a Greenwich a Landan. Tsawon gangar jikinsa kusan mita 65 ne. A sikelin 1:100 zai dawo santimita 65.

Ka'idar ita ce duk abin da ke jirgin da wannan adadi ɗaya za a raba shi: tsawo, faɗi, tsayin jigo, ƙofa, tsani, har kaurin igiya. A nan sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Sai mutum ya ƙera gangar jiki mai kyau, ya zo ya ɗaura mata zare mai kauri, wanda in da a babban jirgi ne zai kai kaurin cinyar mutum. Ido na gane wannan nan take, ko da mai kallo bai san dalili ba. Dabara mai sauƙi: ku yanka ɗan tsinke daidai tsayin mutum a sikelinku (mai tsayin mita 1.7 zai zama santimita 3.4 a sikelin 1:50), ku riƙa jingina shi da duk abin da kuka ƙera.

Zanen jirage da dama na nan kyauta a intanet. Zane mai amfani yakan nuna jirgi ta gefe, ta sama, da kuma yadda cikinsa yake in an yanka shi gunduwa-gunduwa. Bayan an buga muku a shagon buga takardu, ku sa rula ku tabbatar, domin na'urar kan ƙara ko ta rage girma ba tare da mai shagon ya lura ba.

Wane jirgi ya kamata in fara da shi?

Ba HMS Victory ba, jirgin yaƙin Ingila na 1765 mai bindigogi sama da 100, duk da cewa shi ne hotonsa ke fara jan hankali. Mutane da yawa sun fara da irinsa sun watsar a rabi.

Ku fara da kwale-kwale. Muna ma da namu na tarihi: kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yanzu ke Jihar Yobe. Shekarunsa sun kai kimanin 8,000, tsawonsa ya ɗan haura mita 8. A sikelin 1:20 bai fi santimita 42 ba, kuma daga ice ɗaya aka sassaƙa shi, don haka ya dace da koyon hannu. Daga nan sai ku matsa zuwa kwale-kwalen masunta na tafkin Legas, irin na mutanen Makoko, da wasunsu ke kafa wa filafili na buhunan da aka ɗinke. Wannan kuna iya zuwa ku gani da idonku.

Mataki na gaba da ya fi dacewa, a ganina, shi ne jirgin Larabawa mai filafili mai kusurwa uku. Igiyoyinsa kaɗan ne, siffarsa kyakkyawa ce, kuma yana da alaƙa da mu: a irinsa ne da yawa daga cikin alhazanmu na da, waɗanda suka bi ta Sudan a ƙasa, suka tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda.

Yaya ake ƙera shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce sassaƙa gangar jikin daga katako guda. A ja layi a tsakiyarsa, a manna zanen sama da na gefe, a yanke da zarto, sai a bi da wuƙa da sanfefa. Layin tsakiyar nan kada ku bari ya goge, domin da shi za ku san ko dama da hagu sun daidaita.

Hanyar ƙwararru ta fi kama da yadda ake ƙera jirgin gaske. A fara yanka ƙashin baya, wato doguwar sandar da ke ƙasan jirgi daga goshi zuwa baya. A jera masa haƙarƙari na siririn katako. Sannan a riƙa lulluɓe su da siraran falankai ɗaya bayan ɗaya. Falanki busasshe karyewa yake in an tanƙwara shi, don haka a jiƙa shi a ruwan zafi, a lanƙwasa, a ɗaure ya bushe a haka kafin a sa gam. In kun manna ɗaya a dama, ku manna ɗan'uwansa a hagu, in ba haka ba jirgin zai murɗe.

Igiyoyi iri biyu ne. Masu riƙe jigo ba sa motsi, kuma a tsofaffin jirage ana shafa musu kwalta, shi ya sa ake amfani da baƙin zare. Masu jan filafilai kuwa launin igiya suke. Ku goga zaren a kakin zuma don gashinsa ya kwanta. Farin yadi mara kauri da aka tsoma a ruwan shayi yana ba da launin tsohon filafili.

Ina zan samu kaya, kuma nawa zan kashe?

Ga abin da zai ba ku mamaki: ɗaya daga cikin katakon da masu wannan aiki a Turai ke saye da tsada daga dazuzzukan yankinmu yake fitowa. Sunansa obece, Yarabawa na ce masa arere. Fari ne, mara nauyi, mai daɗin yanka. An daɗe da sanin Oko-Baba a Ebute Metta da masu tsaga katako, ko da yake gwamnatin jihar ta ware musu sabon wuri a Agbowa. Amma ba sai kun je can ba. Guntayen da kafintan unguwa ke zubarwa sun isa jirgi guda. Madaci na da kyau wajen ado saboda jan launinsa.

Sauran kayan duk na kasuwa ne: ƙaramin zarto, reza ko wuƙa mai kaifi, magagari, sanfefa, rular ƙarfe, hantsaki, farin gam na kafintoci, zaren ɗinki. Tsinken tsire na yin jigon ƙaramin jirgi, tsinken sakace na yin ƙananan sanduna. Kuɗin ba su da yawa. Lokaci ne abin da aikin ke ci: kwale-kwale na iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki, jirgi mai jigo uku kuwa watanni ne, wani lokaci fiye da shekara.

Ku lura da yanayi. Laimar Legas na kumbura katako, in kuma kuka kai jirgin zuwa Kano ko Sakkwato da hunturu sai ya tsuke ya tsage. Ku yi aiki da busasshen katako, ku shafe shi da banish ciki da waje. Wannan zai kuma rage ɓarnar ƙwari, domin suna son obece.

Akwai abin da zan kiyaye?

Wasu kan tambaya ko wannan bai shiga hukuncin sassaƙa ba. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne surar abu mai rai, jirgi kuwa ba shi da rai. Sai dai tsofaffin jiragen Turawa kan zo da mutum-mutumi a goshi. Kuna iya barinsa, ko ku tambayi malaminku.

Na biyu, Apapa wuri ne mai tsaro, ga tashar jirage ga sansanin sojan ruwa. Kada ku ɗaga waya kuna ɗaukar hoto a irin wuraren nan ba da izini ba. Reza da gam mai kama fata nan take kuma a nisanta su daga yara.

Ana samun kuɗi da shi?

Ana samu a wasu wurare. A tsibirin Mauritius sana'a ce sosai, masu yawon buɗe ido na saye. A Legas ma akwai ofisoshin kamfanonin jirage da otal-otal da kasuwar kayan hannu ta Lekki, inda mai aiki mai kyau zai iya gwada sa'arsa. Amma in aka lissafa awannin da jirgi ɗaya ke ci, da wuya farashi ya biya wahalar sabon shiga. Ku fara don sha'awa. Ku je wurin kafinta ku roƙi guntun arere mai tsawon kamu biyu, ku gwada kwale-kwalen Dufuna tukuna.