Idan Kiɗa Ya Canza: Yadda Ɗan Kara Zai Buɗe Kansa Ga Sabon Koyo

'Yan uwana mazauna Agege, Sabon Ibadan, Shagamu da Lokpanta, akwai maganar da muke yawan ji a kara: "Haka muka taso muka tarar." Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na san darajar wannan magana, domin da ita aka riƙe amana tsakanin bafatake da mai masauki da mahauci tun kafin a haife mu. Amma amana daban, hanyar aiki daban. Sassaucin tunani shi ne mutum ya riƙe amanarsa gam, ya yarda hanyar aiki tana iya canzawa.

Mu tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200, 500 da 1000. Tsabar kuɗi ta ɓace, ga shanu a tsaye suna cin dusa kullum, ga mahauta sun zo da kuɗinsu a waya. Wanda ya ce shi fa sai ya ƙirga da hannunsa, dabbarsa ta yi ta ramewa a turke. Wanda ya buɗe asusun banki ya sayar. Sai dai shi ma ba karɓar turansfa kawai ya koya ba. Ya koyi cewa saƙon alat ba shi ne kuɗi ba, sai an duba asusu an ga sun shiga kafin a kwance igiya, saboda 'yan damfara. Ka ga tsohuwar taka-tsantsan ce ta iyayenmu, wuri kawai ta sauya.

Kafin nan, a 2021, gwamnonin kudu sun haɗu a Asaba suka amince da hana kiwon sake, jihohi irin su Legas suka mai da shi doka. A Mayun 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, rayuwa ta ƙara tsada. Duk waɗannan ba a shawarce mu ba. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu sake lissafi.

To, ta ina za a fara? Na farko, a haɗa tsohon sani da sabo. Dattijo yana kallon bunaji ko bokolo, ya taɓa tozo da gindin wutsiya, ya faɗi abin da zai bayar. Wannan ilimi ne, ba a makaranta ake samunsa ba. Amma masu otal da manyan shaguna da kilo suke magana. Idan matashi ya koyi ƙiyasin nauyi ta hanyar auna zagayen ƙirjin sa da tef, ya gwada da abin da idon babansa ya faɗa, ba mai yi musu wayo a ciniki.

Na biyu, harshen mutanen gari. Abin kunya ne a ce ka shekara goma a Ibadan amma sai an yi maka tafinta a kan kuɗinka. A fara da lissafi. Bayarabe yana ƙirga wasu lambobi ta hanyar ragewa: sha biyar a wurinsa ashirin ce ba biyar, kamar yadda muke cewa ashirin ba ɗaya. Wanda ya gane wannan ya fara kama bakin zaren.

Na uku, rubutu. Bashin da ke tsakaninmu da mahauta ya fi ƙarfin a riƙe shi a ka. Wanda bai yi boko ba amma ya iya ajami, ai ya iya rubutu. Ya sayi littafi ya riƙa sa suna da rana da adadi, har kuɗin mota da la'ada da abincin dabba. A nan ne ake gane riba ta gaskiya.

Masu son komawa karatu kuma, ƙofa ba ta rufe ba. WAEC da NECO suna da jarrabawar da ake zana wa daga waje, ba sai kana ɗalibin wata makaranta ba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, tana da cibiyoyi a jihohin kudu, mutum yana kasuwarsa yana karatunsa.

Sai dai fa a kula, buɗe kai ba shi ne bin kowace iska ba. Ba duk wanda ya yi bidiyo a TikTok yana koyar da kiwo ne ya taɓa riƙe igiya ba. Duk sabuwar dabara a gwada ta a kan dabba ɗaya ko biyu tukuna, maganar allura da magani kuwa a bar wa likitan dabbobi.

Ku kuma matasa 'yan uwana, idan za ku kawo wa Baba sabon abu, kada ku fara da nuna masa bai waye ba. Ku kai masa littafin lissafi na wata guda, ku zauna a gefe, ku bar shi ya duba da kansa.