Ranar Ruwanka, Ranar Kotunka

Duk wanda ya yi noman rani a Kura ko Bunkure ya san ranar ruwa ba ta jiran kowa. Ruwan da ya taso daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, idan ya iso kanal ɗinku ba ka nan, sai ya wuce fangalin maƙwabci. Mai buɗe ƙofa bai zalunce ka ba. Wanda ya gani da tiyo a hannu shi ya bai wa.

Haka sammaci yake. Da yawa cikin manomanmu sun ci bashin taki da iri, wata tsutsa ta cinye tumatir a 2016 tun bai kai kasuwar Kwanar Gafan ba, bashi ya kwanta. Shekaru suka shige. Ran nan sai ga masinjan kotu da takarda: an yanke maka hukunci a bayan idonka, ka biya, ko a ɗauke injin ban ruwa. Alƙali ya ji bakin mai ƙara ne kawai, domin shi ya zo.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutum zai ninke takardar ya cusa ƙarƙashin katifa, yana cewa Allah ya kyauta. Alhali da kunyar gonarsa ce ta ɓalle, ko tsakar dare ne zai fita da fartanya.

Wannan hukunci ana iya warware shi. Ka koma kotun da ta yanke shi, da lauya in da hali, ka roƙi a jingine shi a sake sauraro. Za a nemi takardar rantsuwa mai bayyana abin da ya hana ka zuwa. Idan sammacin bai taɓa isowa hannunka ba, hujja ce babba. Za a kuma tambayi abin da kake da shi na kare kai: rasit, shaidun da suka ga buhunan shinkafar da ka auna wa mai bashi, lissafin da aka kumbura. Ka roƙi a dakatar da ɗaukar kaya kafin nan. Jinkiri kuwa kamar ciyawar kachalla ne a kanal, kullum ƙara toshe hanya yake, don alƙali zai tambayi inda ka shiga tun ranar da ka sani.

In kuwa bashin gaskiya ne, kada ka musa. Ka tsaya gaban alƙali ka nemi a raba maka biya, kashi ɗaya bayan girbin shinkafar damina, saura bayan alkama.