Yadda 'yan gudun hijira suka raba kan Jamusawa

A ƙarshen watan Agustan 2015 shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta ce wa Jamusawa "za mu iya". A wannan shekarar mutum kusan 890,000 ne suka shiga Jamus neman mafaka, yawancinsu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi. A tashar jirgin ƙasa ta Munich, mutanen gari suka fito da ruwan sha da tufafi suna tafa wa baƙi.

Ba a kai wata biyar ba iska ta juya. Daren shiga sabuwar shekarar 2016, an ci zarafin mata da dama a birnin Kolon, kuma da yawa daga waɗanda ake zargi baƙi ne. Daga nan aka ja daga a Facebook. Wannan ya ce duk ɗan gudun hijira mugu ne, wancan ya ce duk mai ƙorafi ɗan wariyar launin fata ne. Mai ra'ayin tsakani, wanda ke tausayin baƙon amma yana tambayar ina za a samo gidaje da makarantu, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, don kowane ɓangare zaginsa zai yi. Ni a ganina wannan shirun ya fi zage-zagen ɓarna.

Akwai wani matashi ɗan Siriya da ya ɗauki hoto da Merkel a wani masauki a Barlin, yana ta murmushi. Bayan harin Brussels na 2016 aka riƙa yaɗa hoton ana cewa ga ɗan ta'addan da Merkel ta karɓa hannu bibbiyu. Ƙarya ce tsagwaronta. Ya kai Facebook ƙara a 2017, bai yi nasara ba. Wanda ke da ɗan'uwa a Diffa ko sansanin Minawao ya san zafin a riƙa yi wa wanda ya gudo kallon waɗanda suka koro shi.

Siyasa ta ci ribar rigimar. Jam'iyyar AfD mai adawa da karɓar baƙi ta shiga majalisar tarayya a 2017 da kashi 12.6 cikin ɗari na ƙuri'u. Abin bai tsaya a baki ba. Walter Lübcke, ɗan siyasa a jihar Hessen, ya kare karɓar baƙi a wani taro a 2015, aka yi ta yawo da bidiyonsa ana yi masa barazana. A watan Yunin 2019 wani mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi a gidansa. Kotu ta yanke wa makashin ɗaurin rai da rai a 2021.