Kiɗa Zalla da Waƙar Maimaici: Ina Sunan Makaɗi?

Duk wanda ya ratsa tashar motar Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwa ke ci, zai tarar da samari masu tura waƙoƙi a waya sun kafa tebura, kowa da kwamfutarsa da lasifikarsa. Kwanakin baya na tsaya gun ɗaya daga cikinsu, sai ga wani saurayi ya miƙo waya yana cewa a tura masa "kiɗan banda murya". Na tambaye shi ko me zai yi da gangar jiki babu rai, ya amsa mini cikin ladabi: "Malam, ai ni zan hura masa rai." Ashe mai gambarar zamani ne, wato hip-hop, kuma so yake ya ɗora baitocinsa a kan kiɗan wata waƙa da ta yi tashe. Da na sake tambayarsa wane ne ya haɗa kiɗan, sai ya yi shiru, shi ma mai turawar bai sani ba. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Al'adar raba kiɗa da murya a cikin faifai ta samo asali ne daga Kingston, babban birnin Jamaika, a ƙarshen shekarun 1960. Masu buga faifan garmaho sukan sa waƙa a fuska ɗaya, su sa kiɗanta zalla a ɗaya fuskar. Wani mai gyaran rediyo da lasifika, Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby, shi da irin su Lee Perry suka mayar da abin sana'a: su ɗauke murya, su fito da ganga da jita mai kauri, su ƙara amsa-kuwwa, su dawo da guntun murya sannan su sake ɓoye ta. Wannan salo shi ake kira dab. A filin rawa kuwa, irin su U-Roy sai su riƙa zuba zance a kan kiɗan da aka bari fili.

Clive Campbell, wato DJ Kool Herc, haifaffen Kingston ne da ya koma unguwar Bronx ta birnin New York yana yaro. A wani biki da aka yi ranar 11 ga Agusta, 1973, wanda ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar hip-hop, shi ne ya sarrafa faifai. Dabarar da ya shahara da ita ita ce ajiye kwafi biyu na faifai guda, yana maimaita gurbin da mawaƙi ya yi shiru ganga ta rage ita kaɗai. Ke nan tun ran gini tun ran zane: hip-hop a kan kiɗan aro aka haife shi, kuma rimiks, wato sake sarrafa waƙar da aka riga aka yi, yana cikin jininsa.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Masana adabi sun daɗe da nuna cewa Aliyu Namangi ya ɗora Imfiraji ne a kan karin kiɗan caji, ya raba karin da dandalin wasa ya kai shi zauren wa'azi. Haka nan ƙungiyoyin bege na Kano, irin su Ushaƙu Indiya, sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai, abin da Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi nazari a kansa. Kiɗa zalla ma muna da namu tun kafin garmaho, shi ne take. Idan makaɗi ya kaɗa taken ɗan dambe ko na manomi ko na basarake, ba ya bukatar buɗe baki, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa yana kwaikwayon hawa da saukar murya har mai take ya ji an ambace shi tsikar jikinsa ta tashi.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa, mutum ɗaya ya zama shi ne gungun makaɗa. Yau manhajar kwamfuta ta sauƙaƙa abin fiye da haka, har akwai wadda ke zare murya daga waƙa cikin 'yan mintoci. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗan talaka. Ɗalibin da ke Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a nan Wudil, wanda ba shi da kuɗin shiga situdiyo a Kano, yana iya gwada fasaharsa a ɗakin kwanansa. Na saurari wasu daga cikin irin waɗannan waƙoƙi, na ji ana zancen tsadar rayuwa da shaye-shaye da rashin aikin yi da Hausa mai kaifi. Ban ga dalilin da za a ce a toshe wannan ƙofa ba.

Damuwata tana wajen makaɗi. A shekarar 1969 wata ƙungiya a Amurka mai suna The Winstons ta fitar da wani faifai mai ɗauke da gurbin ganga na kimanin daƙiƙa shida. An yanko wannan gurbi an sa shi cikin dubban waƙoƙi, amma Gregory Coleman da ya kaɗa shi ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ci ko sisin kwabo daga wannan aro ba. Sai a 1991, da kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda yanko kiɗan Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, kamfanoni suka koma neman izini kafin su fitar da faifai. Mu a nan ba mu kai ko matakin ambaton suna ba. Kowa ya san Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, da Barmani Choge da ta rasu a 2013. Amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan wanda ya riƙe wa Shata kalangu, ko matan da suka kaɗa wa Barmani ƙwarya? Idan aka yanko kiɗansu aka ɗora a kan bugun kwamfuta don casu a gidan biki, kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma asara ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Kiɗan da yaranmu ke saukowa da shi daga intanet an gina shi ne don harshen da ba shi da karin sauti irin namu. Sau da yawa mawaƙi kan tanƙwara kalma, ya gajarta dogon wasali ko ya ja gajere, don ta zauna a kan bugun. Alhali da kiɗan an gina shi a kan kalangu ko kotso ko gurmi ne, da harshe da kiɗa sun tafi kafaɗa da kafaɗa.

Gyara ba ya bukatar sabuwar doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana nan, kuma akwai hukumar ƙasa da ke kula da ita. Abin da ya rage aiki ne namu. Na farko, duk wanda ya fitar da waƙa ya rubuta sunan wanda ya haɗa kiɗa, wanda kuma ya ari kiɗa ya faɗi inda ya aro shi, ya nemi izini in zai sayar. Malamanmu na zaure ba sa karanta littafi ba tare da ambaton mawallafi da yi masa addu'a ba, wannan ladabi ne da muka gada. Na biyu, masu situdiyo su riƙa fitar da kiɗa zalla da kansu, da farashi mai sauƙi da sharaɗi bayyananne, kamar yadda 'yan Jamaika suka mayar da shi hanyar samun kuɗi. Na uku, jami'o'inmu su haɗa ɗaliban kwamfuta da na Hausa su shiga ƙauyukan Wudil da Gaya da Garko, su naɗi take da kiɗan sana'o'i daga hannun dattawan da suka rage, kowane kiɗa da sunan mai shi da yardarsa, a adana.

Saurayin nan na tasha ya yi mini alkawarin zai binciko sunan wanda ya haɗa kiɗan kafin ya saki waƙarsa. Ban san ko zai dace ba, domin kiɗan ya bi ta wayoyi da yawa kafin ya iso Wudil. Amma na ce masa idan ya samo, ya fara ambaton sunan kafin nasa.